Gasar Kacici-kacicin Ƙwaƙwalwa: Me Ɗalibin Gwandu da Kalgo Zai Koma Gida da Shi?

Idan kana bin labaran kimiyya a makarantun sakandare, wataƙila ka taɓa cin karo da sunan Brain Bee. Gasar kacici-kacici ce, sai dai tambayoyinta duk a kan abu guda suke: ƙwaƙwalwa, da laka, da jijiyoyin da ke kai saƙo su komo a cikin jiki. Wani malami a Jami'ar Maryland ta Amurka, Dakta Norbert Myslinski, shi ya assasa ta a 1998. Yau ƙasashe fiye da 50 ke yin ta, Nijeriya na ciki. Hawa uku gare ta: a fafata a gari, waɗanda suka yi zarra su haɗu a matakin ƙasa, gwarzon kowace ƙasa kuma ya je na duniya. A 2012 ma a nan Afirka aka yi na duniyar, a birnin Cape Town.

Shirya irinta a Kebbi ba wani abu ne mai wuya ba. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo yake, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Ba za a rasa malamai da ɗaliban ilimin sassan jiki da za su zauna kujerar alƙalanci ba. Sauran kayan aiki ba su wuce zauren taro, lasifika, allo da 'yar kyauta ba. To wannan sauƙin shi ne abin da nake jin tsoro. Abu ne mai yiwuwa a kwafo gasar yadda take, a tara yaran Gwandu da na Kalgo, a yi tafi, a ɗauki hoto, kowa ya watse, ba tare da an taɓa tambayar me yaran suka koya ba. Ni ina son a yi gasar, amma ba a wannan siffa ba, kuma ga dalilaina.

Bari mu fara ba ta haƙƙinta. Akwai masu raina kacici-kacici, suna ganin wasan yara ne. Binciken ƙwaƙwalwar kansa bai goyi bayansu ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu su karanta. Wasu aka ce su yi ta maimaita karatun. Wasu kuwa zama ɗaya suka yi da shi, sai aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu ƙoƙarin tunowa sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Wato duk sanda ka tilasta wa ƙwaƙwalwa ta lalubo abu da kanta, hanyar zuwa wurin abin ƙara fitowa take, kamar turbar gona da ake bi kullum. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Roediger ba. Ai sai ka kife allo ka kawo karatu da ka malam yake yarda ka wanke.

Saboda haka tambaya tana dasa ilimi, wannan babu ja. Abin dubawa shi ne wane ilimin ake dasawa. Yaro dai abin da zai kawo masa maki yake karantawa, ba abin da aka rubuta a takardar gayyata da sunan manufar gasa ba.

Gadon da gasar ta ci

Sunan gasar ma ya nuna tsatsonta. Kalmar nan ta biyu ba ƙudan zuma take nufi a nan ba. An aro ta ne daga gasar harhaɗa baƙaƙen kalmomi ta Amurka, wadda ake yi a matakin ƙasa tun 1925. Waccan gasa ta samu gindin zama ne saboda rubutun Ingilishi ba ya bin furuci, kowace kalma sai ka haddace ta da halinta. Tsarinta ne ya biyo gasar ƙwaƙwalwa: alƙali ya jefo tambaya, amsar kalma ɗaya ce ko biyu, a ba ka 'yan daƙiƙoƙi, ka faɗi daidai ka wuce, kurakuranka su taru ka fita.

Gaskiya a matakin duniya abin ya wuce haka. An sha nuna wa 'yan takara ƙwaƙwalwar mutum ta gaske su bayyana sassanta, su duba yankakken nama a madubin ƙara girma, sannan a gabatar musu da mara lafiya, ko wanda ya kwaikwayi mara lafiya, su gano ciwonsa daga alamomi. Wannan ɓangaren ne ya fi kama da aikin masana. Shi ne kuma mai cin kuɗi da wahala, don haka shi ake fara yankewa in an sauko matakin gari. Galibi abin da ke saura littafi ɗaya ne, da jerin tambayoyin "mene ne sunan kaza".

Littafin da aka fi dogara da shi shi ne Brain Facts na ƙungiyar Society for Neuroscience ta Amurka. Kyauta ake sauke shi a intanet, kuma littafi ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai don ɗalibin Amurka aka rubuta shi, da Ingilishin da ɗan aji biyar a makarantar jeka-ka-dawo zai sha gumi kafin ya gama shafi ɗaya. Ka duba cututtukan da ya ba fili: cutar mantuwa ta Alzheimer, da ta karkarwa ta Parkinson, da ta Huntington da makamantansu. Ka nemi sashen da aka keɓe wa sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, ko gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ba za ka samu ba. Ba laifin marubutan ba ne, abin da ke damun mutanensu suka rubuta. Laifin zai zama namu in muka ɗauko shi muka ce shi ne iyakar manhaja.

Wani zai ce ai sanin sunaye ma ilimi ne, daga nan ake farawa. Haka ne. Amma tara guntayen bayanai ba ya kare mutum daga ruɗu. A 2012 Sanne Dekker da abokan aikinta sun yi wa malaman makaranta 242 a Birtaniya da Holan tambayoyi kan ƙwaƙwalwa, suka cakuɗa gaskiya da tatsuniyoyi. Kusan rabinsu sun yarda da zancen nan cewa kashi goma cikin ɗari kacal na ƙwaƙwalwarmu muke amfani da shi, wanda ƙarya ne. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, malaman da suka fi cin tambayoyin sanin gama-gari kan ƙwaƙwalwa su ne suka fi saurin gaskata tatsuniyoyin. Sun ji kalmomin, sun saba da su, amma ba su da ma'aunin da za su rarrabe tsaki da tsakuwa.

Ga wani misalin. Shekara da shekaru littattafai na cewa ƙwayoyin saƙo na ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira niyuron, biliyan 100 ne. A 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Brazil suka narkar da ƙwaƙwalwa ta zama kamar kunu, suka ɗebi ɗan kaɗan suka ƙirga, suka yi lissafi, sai ga kusan biliyan 86. Alƙalin da ke riƙe da tsohon littafi zai kori yaron da ya ce 86, mai sabon littafi ya kori wanda ya ce 100, alhali duk yaran biyu hadda suka yi. Da za a tambaye su, "In aka ba ka ƙwaƙwalwa aka ce ka ƙirga ƙwayoyinta, ta ina za ka ɓullo wa aikin?", da an ga mai tunani a cikinsu.

Maris ɗin 2025

Kowace shekara a watan Maris ake yin Makon Wayar da Kai kan Ƙwaƙwalwa, wanda gidauniyar Dana ta Amurka ta faro a 1996, kuma a daidai wannan lokacin ake yawan shirya irin waɗannan gasanni. A Maris ɗin 2025 ne gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 daga cutar da ake zargin sanƙarau ce, 15 daga cikinsu a Gwandu, sauran a Jega, Aliero da Argungu. Ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Muna cikin ɗamarar sanƙarau ta Afirka, wadda ta taso daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ta 2017 ta fi ƙamari a Zamfara, Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja.

Yanzu ka ɗauka kai ne mai tsara tambayoyi, ga yaran Gwandu zaune a gabanka. Tambaya ta farko, irin wadda aka saba: "Faɗi sunayen tantani uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa." Yaro ya miƙe ya ce dura, araknoyid, fiya. Maki uku, a tafa masa.

Ta biyu: "Me ya sa wuyan mai sanƙarau yake sanƙarewa?" Kafin yaro ya amsa wannan, sai ya san cewa tantanin nan ba a ƙoƙon kai suka tsaya ba, sun gangaro ta wuya sun lulluɓe laka har ƙasa. Sai ya san cewa ƙwayar cutar su take kumbura wa. Sai ya gane cewa sunkuyar da kai yana jan tantanin da ya kumbura, zafin ya sa naman wuya ya ɗaure don ya hana motsin. Ka ga wanda ya amsa ta biyu ya san tantanin, ya san inda suke, ya san abin da ke faruwa da su, ya kuma gane dalilin da ya sa Bahaushe ya raɗa wa cutar wannan suna. Wanda ya amsa ta farko kalmomi uku ya sani.

Akwai ta uku, wadda a ganina ta fi duka amfani: "Ciwon a kai yake, me ya sa likita ke ɗibar ruwa a ƙasan gadon baya, kuma me ya sa allurar ba ta taɓa laka?" Ka san yadda wasu iyaye ke tsoron wannan gwajin, har su ce shi ke gurgunta yaro ko ya ƙarasa shi. Amsar kuwa ilimin sassan jiki ce tsantsa. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke iyo a ciki, wanda bai fi mililita 150 ba a jikin baligi, shi ne dai yake zagaye laka. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, na mai sanƙarau yakan yi gurɓi-gurɓi, kuma a cikinsa ake gane wace ƙwayar cuta ce. Ita laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, a saman ƙugu ta tsaya, jakar ruwan ce ta ci gaba. A ƙasa da inda ta tsaya ake soka allurar. Yarinyar da ta iya zana wannan a allo za ta iya yi wa mahaifiyarta bayani a bakin gadon asibiti, ranar da babu mai lokacin yin bayanin.

Daga sanƙarau kaɗai za ka fitar da zagaye guda cur. Me ya sa ya fi tashi a rani, lokacin ƙura da busasshiyar iska? Domin ƙwayar cutar takan zauna a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, sai ƙura da bushewa sun raunana fatar hanci da maƙogwaro ta samu ƙofar shiga jini. Me ya sa jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, sai dai maɗigarsa ta kumbura? Me ya sa wasu da suka warke suke kurumcewa? Me ya sa ba a jira gari ya waye, tunda cutar na iya kisa cikin awa 24? Me ya bambanta rigakafin da aka kawo a 2011, mai kare nau'i ɗaya, da wanda Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da shi a 2024, mai kare nau'i biyar? Babu ɗaya a cikin waɗannan da ta fita daga ilimin ƙwaƙwalwa, kuma babu wadda ta fi tambayoyin littafin Amurka sauƙi.

Haka farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ilimin ƙwaƙwalwa ma ya ci moriyar masu wannan lalura ƙwarai. Sanin da muka yi cewa sashen hifokamfos ne ke ƙulla sabon abin tunawa, babban kasonsa ya zo ne daga wani mai farfaɗiya, Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 aka cire masa yawancin sashen ta ɓangarorin biyu, faɗuwa ta ragu amma ya kasa riƙe sabon abu har ya mutu. Labarinsa na cikin kusan kowane littafin fannin, kuma ɗan gasa zai haddace shi. Amma a tambaye shi abin da zai yi in ɗan ajinsu ya faɗi yana jijjiga. Shin ya san a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi? Ya san yawunsa ba ya sa wa kowa cutar? Ya san in jijjigar ta wuce minti biyar sai asibiti? Nan fa sai an yi hattara wajen tsara tambayar. Ba a zauren gasa za a tsaya gardamar iska da aljanu ba, ba kuma a tara yara a koya musu yi wa iyayensu dariya ba. A tsaya kan abin da ke faruwa a cikin kai, wato ƙwayoyin saƙo masu yawa sun ɓarke da harbi lokaci guda, da abin da hannu zai yi.

Jijiya wace?

Da zarar ka ce a yi tambayoyi da Hausa, sai ka ci karo da wani dutse, kuma gara ka san da shi tun kafin ranar gasa. Kalmar jijiya a bakinmu ta haɗa abubuwa uku da ba su da dangantaka: wadda jini ke gudana a ciki, wadda ke ɗaukar saƙo, da wadda ta ɗaure nama da ƙashi, irin agara. Ka tambayi yaro aikin jijiya, duk amsar da ya bayar yana da gaskiya. Laka ma a rubuce ba ka bambanta ta baya da ta fadama, sai a baki. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa, yawancin mutane na masu taɓin hankali suke fahimta, ba mai duba shanyewar ɓarin jiki ba.

Wasu na ɗaukar wannan hujjar cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba, a bar ta da Ingilishi. Ni akasin haka nake gani. Yaron da ya haddace kalmar Ingilishi ta jijiyar saƙo, amma a kansa jijiya dai jijiya ce, ruɗanin na nan, Ingilishin ya rufe shi ne kawai. Ranar da aka tilasta masa ya ce jijiyar jini, jijiyar saƙo, jijiyar ɗaurin nama, ranar ya rarrabe su. Ga tambayar da ke buƙatar biyu daga ciki lokaci guda: dattijo mai hawan jini ya wayi gari hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana ta sarƙe, me ya faru, kuma a wane gefen kai? Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, a gefen hagu, domin jijiyoyin saƙo suna gittawa zuwa ɗaya gefen kafin su gangara jiki, kuma a yawancin mutane cibiyar magana a hagu take, abin da Paul Broca ya fara nunawa a Faransa tun 1861.

Aikin tsara irin waɗannan tambayoyi ba na mutum ɗaya ba ne. Ana buƙatar likita ya duba ingancin amsa, malamin bayoloji ya duba ko ta yi daidai da matakin yara, malamin Hausa kuma ya duba ko kalmar da aka zaɓa ita mutanen yankin ke faɗi, don Hausar Gwandu ba ta Kano ba ce a komai. A raba wa makarantu jerin kalmomin da aka amince da su tun da wuri, Hausa da Ingilishi gefe da gefe.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. A garin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili, babu wanda zai koya wa mutane darajar hadda. Amma karatun zaure bai taɓa tsayawa a hadda ba: ɗalibi ya ja baƙi da Larabci, malam ya fassara masa kalma-kalma da harshen da yake ji. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, matakinta mafi girma izu sittin ne da tafsiri. Mutanen da suka san cewa ma'ana ce ƙololuwa a can, ba za su yi mamaki ba in aka ce haka za a auna a nan.

Ƙararrawa da 'yan kallo

Sai batun ƙararrawa. Wanda ya riga dannawa shi ke amsawa, abin yana da armashi, 'yan kallo na so. Amma me take aunawa? Yaron da ke jin Ingilishi a gida ya gama fahimtar tambaya tun alƙali bai rufe baki ba. Wanda sai ya juya ta zuwa Hausa a kansa, ya samo amsa, ya sake juyawa, an riga shi ko da ya fi sani. Ƙara da tsoro: an daɗe da nuna cewa sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa a halin firgici, yana dagula tuno abin da aka riga aka sani. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe makirufo ba, aka tsayar da ita gaban manyan baƙi, aka ba ta daƙiƙa goma, abin da aka auna a wurinta dakiya ce, ba ilimi ba. Ba na cewa a jefar da ƙararrawar. A bar mata zagaye ɗaya don nishaɗi, maki kaɗan. Sauran a yi su ƙungiya-ƙungiya, mutum uku ko huɗu, a ba su minti biyu su yi shawara, su amsa da harshen da suka ga dama.

Abin da ya fi ci mini rai a irin waɗannan gasanni, ko na lissafi ne ko na muhawara, shi ne yadda ake zaɓen 'yan takara. Takarda ta iso makaranta, malami ya tsamo yara biyu da kowa ya san su ne na ɗaya da na biyu, a keɓe su mako uku ana ɗura musu, sauran ɗaruruwan ba su ma san ana yi ba. In manufar ita ce a samo gwarzo ɗaya da zai je Abuja, to hakan ya wadatar. In kuwa manufar ita ce ilimin ya shiga gari, ai mutanen da ke zaune a kujerun kallo sun fi 'yan takara muhimmanci. A fara da zagayen rubutu a kowane aji, kowa ya shiga. Ranar ƙarshe kuma kada alƙali ya ce "daidai" ko "kuskure" ya wuce. Ya ɗauki minti ɗaya ya faɗi dalili da Hausa, yadda mai gadin makaranta da ke tsaye a bakin taga zai gane. In an samu gidan rediyo ya ɗauka, minti ɗayan nan shi ne zai kai ƙauyukan da ba su turo kowa ba.

Na san abin da za a ce: in mun yi tamu daban, yaronmu zai je matakin ƙasa ya sha kashi, tunda can da Ingilishi ne kuma daga littafin nan. Damuwa ce ta gaske. Amma waɗanda suka fito a gaba ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ga jami'a a Kalgo. A haɗa su da ɗaliban kimiyyar lafiya na 'yan makonni su bi littafin tare. Sunan Latin ya fi saurin zama a kan wanda ya riga ya san abin da ake raɗa wa sunan. Tun 1975 Fergus Craik da Endel Tulving suka nuna cewa kalmar da mutum ya yi tunanin ma'anarta ta fi zama a kansa a kan wadda ya lura da siffarta ko sautinta kawai. Ba a kuma yi asarar komai ta fuskar jarrabawa ba, domin tsarin jijiyoyin saƙo yana cikin manhajar bayoloji ta WAEC da NECO.

Ɓangaren gani da ido ma, wanda na ce shi ake fara yankewa, ba sai da ƙwaƙwalwar mutum ba. Duk ranar kasuwa mahauta na fasa kan rago. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, wajen kashi ɗaya cikin goma na tamu a nauyi, amma tsarin ɗaya ne: ga ɓari biyu na babbar ƙwaƙwalwa, ga ƙaramar a ƙeya, ga gindin da ya zarce ya zama laka, ga inda jijiyoyin ido suka gitta. Da safar hannu, faranti da reza, yara za su ga tantanin nan da ake ta magana da idonsu. Tsinken sakace biyu sun isa a nuna cewa ɗan yatsa na rarrabe tsini biyu da ke kusa da juna, gadon baya kuwa ɗaya yake ji, sai a tambaye su dalili. A rubuta kalmar "ja" da koren alli, "kore" da shuɗi, a ce su faɗi launin ba kalmar ba, su ji yadda harshe ke sarƙewa. Ruwan lemon da ake raba wa manyan baƙi ya fi duk wannan tsada.

Saura lokaci. In aka bi kalandar waje aka sa gasar a Maris, an sa ta a tsakiyar zafi, lokacin da sanƙarau ya riga ya kankama, 'yan aji shida kuma hankalinsu ya koma kan jarrabawar fita. Cusa ɗaruruwan yara a zaure ɗaya mai ƙarancin iska a irin wannan lokaci ma abin dubawa ne. Kakar cutar daga Disamba take farawa zuwa Yuni. A yi zagayen makarantu a Oktoba, na ƙarshe a Nuwamba, kafin hunturu ya sauko da ƙurarsa, yadda yaran za su tafi hutun ƙarshen zango da alamomin cutar a kansu. Waɗanda za su wuce matakin ƙasa kuma sun samu watanni na shiri.